Koma: Ɗan giɓin sautin da ya gagari masana shekaru fiye da 2,000

Duk fiyanon da ake kaɗawa yau, na babban zauren kiɗa a birnin Viyana ne ko na ɗan ɗakin haɗa waƙa a Kano, an saita shi ne da ɗan kuskure, kuma da gangan aka yi hakan.

Dalili shi ne wani ɗan ƙaramin giɓi tsakanin sautuka biyu wanda masana ke kira koma. Giɓin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na tazarar da ke tsakanin maɓallan fiyano biyu maƙwabta ba, amma ya wahalar da masana lissafi a Girka da Sin da Bagadaza, ya kuma raba kan mahalarta wani babban taro a Alƙahira a shekarar 1932.

Kalmar ta fito ne daga harshen Girkanci, inda take nufin ɗan guntun da aka yanke daga jikin wani abu. Daga wannan tushe ne Turawa suka samo sunan alamar rubutun da Hausawa ke kira waƙafi. Dacewa ce kawai ta sa sunan ya yi kama da kalmar Hausa ta komawa, domin kuwa aikin wannan giɓi shi ne hana sauti komawa inda ya taso.

Yadda giɓin ke samuwa

Sauti na fitowa ne daga karkarwa. Idan aka taɓa tsirkiyar garaya, takan yi ta kai da kawowa sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Gwargwadon saurin karkarwar, gwargwadon sirantar sautin.

Idan aka danne tsirkiyar a daidai tsakiyarta, saurin karkarwar zai ninka sau biyu. Kunne na jin wannan sabon sauti tamkar na farko ne ya sake dawowa a sama, kamar yadda mace da namiji ke rera waƙa ɗaya, ita da siririyar murya, shi da kakkaura. Wannan tazara ita ce ninki, Larabawa kuma suna kiran sautin na sama jawabi.

Idan kuma aka danne tsirkiyar ta yadda kashi biyu cikin uku ne kawai ke karkarwa, saurin zai ƙaru da rabi, wato 100 ya zama 150. Wannan ita ce tazarar biyar, wadda bayan ninki babu tazarar da ta kai ta daɗi a kunne. Kusan kowace al'umma da ke da kayan kiɗa masu tsirkiya ko na busa ta san ta.

Matsalar na tasowa ne idan aka so a gina dukkan sautukan kiɗa daga waɗannan tazarori biyu. Mai saiti zai fara daga sauti guda, ya hau tazarar biyar, ya sake hawa, har sau 12. A nan kunnensa zai gaya masa cewa ya kusa dawowa kan sautin da ya fara da shi, bayan ninki bakwai.

Sai dai lissafi bai yarda ba. Idan aka fara da karkarwa 100 a daƙiƙa, aka ninka sau bakwai, za a sami 12,800. Idan kuwa aka yi ta ƙara rabi har sau 12, za a sami kusan 12,975. Akwai rarar kusan 175, wato kimanin kashi 1.4 cikin 100. Wannan rara ita ce koma, kuma a cikakken lissafi ana rubuta ta da 531,441 bisa 524,288.

Babu gwanintar da za ta kawar da ita. Lamba ta farko ta samu ne daga ninka uku da kansa sau 12, ta biyu kuma daga ninka biyu da kansa sau 19. Duk yadda aka ninka uku da uku, mara za a samu. Duk yadda aka ninka biyu da biyu, cika za a samu. Mara da cika kuwa ba za su taɓa zama lamba ɗaya ba, ko da an yi ta hawa har abada.

Lamarin ya yi kama da na kalanda. Watanni 12 na tsayuwar wata suna ba da kwana 354, shekarar rana kuma kwana 365 ce, shi ya sa azumi ke zagayawa daga damina zuwa zafi zuwa sanyi. Lissafi biyu ne, kowanne daidai yake a kan kansa, amma sun ƙi haɗuwa.

Girman giɓin a kunne

A shekarun 1880 wani masani ɗan Ingila mai suna Alexander Ellis ya fito da ma'aunin da ake amfani da shi har yau. Ya raba ninki gida 1,200, ya kira kowane gida sent. A bisa wannan ma'auni, tazarar maɓallan fiyano biyu maƙwabta sent 100 ce, koma kuma sent 23.46.

Yawancin mutane na iya rarrabe sautuka biyu da aka kaɗa ɗaya bayan ɗaya idan bambancinsu ya kai sent biyar zuwa goma. Ke nan koma ba abin da kunne ke tsallakewa ba ne.

Abin ya fi fitowa fili idan aka kaɗa sautukan tare. Sautin da makaɗan duniya ke saita kayansu da shi yana karkarwa sau 440 a daƙiƙa. Wanda ya ɗara shi da koma ɗaya yana karkarwa sau 446. Idan suka haɗu, za a ji sautin na kumbura yana sacewa sau shida a kowace daƙiƙa, wata irin rawar murya mai damun kunne.

Akwai wata koma ta biyu mai sent 21.51, wadda ke fitowa idan aka shigo da lamba biyar cikin lissafin. Bambancin da ke tsakanin koma biyun bai kai sent biyu ba, kuma shi ma masana sun raɗa masa suna, suna kiran sa skisma.

Daga Girka zuwa Sin

Ana jingina babbar komar ga Fitagoras, masanin Girka da ya rayu a ƙarni na shida kafin haihuwar Annabi Isa, ko da yake shi bai bar wani rubutu ba. Wani ɗan littafi da ake dangantawa ga Iƙilidisi, masanin lissafin da ya zauna a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin miladiyya, ya nuna cewa cikakkun taku shida na sauti sun ɗara ninki guda. Abin da suka ɗara da shi ɗin shi ne koma.

A can ƙasar Sin ma an ci karo da wannan giɓi ba tare da an ji daga Girkawa ba. Wani masani na zamanin daular Han, Jing Fang, wanda ya rasu a shekara ta 37 kafin miladiyya, ya ƙi tsayawa a hawa 12. Ya ci gaba da lissafi har ya gano cewa hawa 53 na tazarar biyar sun yi kusa ƙwarai da ninki 31. Giɓin da ya rage a nan bai kai sent huɗu ba.

Giɓin ya ragu, amma bai rufe ba. Kowa ya raina tsayuwar wata, in ji Hausawa, ya hau ya gyara.

Malaman Bagadaza

Lokacin da aka fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci a zamanin Abbasiyawa, ilimin sauti ya shigo a matsayin reshe na lissafi. Al-Kindi, wanda ya rasu wajen shekarar 873, ya yi rubutu kan yadda ake saita ud, wato garayar Larabawa mai faɗin ciki. A lokacin ana ɗaura zare a wuyan ud domin nuna inda kowane yatsa zai danne.

Amma makaɗan Bagadaza na amfani da wani sauti da lissafin Girkawa bai tanada ba. Mansur Zalzal, shahararren makaɗin ud na fadar Haruna Rashid, ya yi suna da wani wurin dannawa na yatsan tsakiya wanda har yau ake kira da sunansa. Al-Farabi, wanda ya rasu a shekarar 950, ya auna wannan wuri a babban littafinsa Kitab al-Musiƙa al-Kabir, ya ba shi lissafin 27 bisa 22. A ma'aunin yau sent 355 ke nan.

Fiyano na da maɓalli a sent 300, yana da wani a sent 400. Sautin Zalzal ya faɗa tsakaninsu, inda babu maɓalli ko ɗaya. Irin wannan sauti ne ke bai wa kiɗan Larabawa da Farisawa da Turkawa ɗanɗanon da ake gane shi da shi.

Wanda ya mayar da koma tubalin gini shi ne Safiyuddin al-Urmawi, masani kuma makaɗi a fadar al-Musta'asim, halifan Abbasiyawa na ƙarshe a Bagadaza. Ya tsira da ransa lokacin da Mongolawa suka ci birnin a shekarar 1258, ya rasu a 1294.

A littafinsa Kitab al-Adwar, ya raba ninki gida 17 waɗanda ba girmansu ɗaya ba. Gida 12 daga ciki kowanne sent 90 ne, tazarar da ake kira baƙiyya, wato saura. Sauran gida biyar ɗin kuma koma ce kowanne. Idan aka tara su duka, sent 1,200 cif za a samu. Abin da wasu ke ɗauka a matsayin aibi, shi ya ba shi gurbi a cikin tsani.

Tsarin nasa ya yi tasiri na ɗaruruwan shekaru a Farisa da daular Usmaniyya. Sai dai ya bar baya da ƙura. Gurbin da ya bai wa sautin Zalzal ya kama sent 384, wato kusan sent 30 sama da abin da al-Farabi ya auna. Wannan saɓani tsakanin littafi da yatsan makaɗi ya sake tasowa bayan ƙarni shida.

Kukan kyarkeci a Turai

Mawaƙi na iya ɗan ɗaga murya ko ya sassauta ta domin kauce wa giɓin. Mai goge ma haka, ɗan gusar da yatsa ya wadatar. Amma kayan kiɗa masu maɓallai ba su da wannan dama, domin kowane maɓalli sauti ɗaya yake bayarwa.

Masu saita manyan kayan busa na majami'un Turai sun daɗe suna saita tazara 11 daidai, su jibge dukkan giɓin a kan ta 12. Wannan tazara guda takan yi muni har suka raɗa mata suna kyarkeci, saboda haushin da take yi. Makaɗa kan guje ta ɗungurungum, abin da ya taƙaita irin kiɗan da za su iya tsarawa.

An gwada dabaru iri-iri. Wasu maƙera sun tsaga baƙin maɓalli gida biyu domin ya ba da sautuka biyu. Wasu, irin su Andreas Werckmeister na Jamus a shekarar 1691, sun rarraba giɓin kan wasu tazarori suka bar wasu. A 1722 Johann Sebastian Bach ya kammala wani kundi na kaɗe-kaɗe da ya ratsa dukkan mafarai 24 na kiɗan Turai, abin da ba zai yiwu ba sai da saitin da ya kori kyarkeci.

Maganin da ya yi nasara a ƙarshe shi ne a raba asarar daidai wa daida. A rage wa kowace tazarar biyar kashi ɗaya cikin 12 na koma, wato ɗan ƙasa da sent biyu, ta sauko daga kusan 702 zuwa 700. Masu ilimin rabon gado sun san irin wannan hukunci. Idan rabon magada ya haura dukiyar, akan yi auli, a rage wa kowa gwargwadon rabonsa.

Wani ɗan sarautar daular Ming a ƙasar Sin, Zhu Zaiyu, shi ne ya fitar da cikakken lissafin wannan rabo a shekarar 1584. Ya nuna cewa kowane taku zai ɗara na ƙasansa da ninkin 1.059463. Simon Stevin na ƙasar Holan ya kai ga irin wannan tunani a kusan lokaci guda. Duk da haka sai a ƙarni na 19 tsarin ya zama ruwan dare a fiyanon Turai.

Nasarar ba ta zo a banza ba. In ban da ninki, babu tazara ɗaya a fiyanon zamani da ke daidai da lissafinta na asali. Tazarar da ta kamata ta zama sent 386 ta koma 400, kuskuren da ya kai sent 14. Yawan ji ne ya sa kunnuwan mutane suka saba da shi.

Taƙaddamar Alƙahira

A ƙarni na 19 wani likita kuma masani ɗan ƙasar Labanan, Mikha'il Mishaƙa, ya yaɗa tsarin raba ninki gida 24 masu girma ɗaya, kowanne sent 50. Da haka sautin Zalzal ya sami gurbi a sent 350.

Masanan Turkiyya kuwa sun bi sawun Safiyuddin. Tsarin da ake koyarwa a makarantunsu, wanda ke ɗauke da sunayen Arel da Ezgi da Uzdilek, yana lissafin cikakken taku a matsayin koma tara, baƙiyya kuma koma huɗu. Taku biyar da baƙiyya biyu sun ba da koma 53 a ninki guda, lambar da Jing Fang ya gano tun da daɗewa. Kowace koma a wannan lissafi sent 22.6 ce. Har yau ɗalibin kiɗa a Istanbul da koma yake ƙirga tazara.

A watan Maris na shekarar 1932 Sarki Fu'ad na Ɗaya na Masar ya kira babban taro kan kiɗan Larabawa a Alƙahira. Makaɗa sun zo daga Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Siriya da Iraƙi. Daga Turkiyya Rauf Yekta ya halarta. Daga Turai kuma akwai Bela Bartok na Hangari, da Paul Hindemith da Curt Sachs na Jamus, da Henry George Farmer na Birtaniya.

Ɗaya daga cikin manyan batutuwan taron shi ne a tsayar da tsani guda na sautuka wanda kowa zai bi. Masu son zamanantarwa daga Masar sun goyi bayan gida 24 masu girma ɗaya, domin zai sauƙaƙa rubuta kiɗa da koyar da shi da ƙera fiyanon da zai iya kaɗa shi. Rauf Yekta da wasu sun ƙi, suna masu cewa makaɗa ba haka suke kaɗawa ba.

Wani abin lura shi ne cewa da yawa daga cikin baƙin Turai su ne suka riƙa jan hankalin masu masauƙinsu da kada su shigar da fiyano cikin kiɗansu, yayin da wasu Misirawa ke ganin hakan ci gaba ne.

An tashi taron ba tare da an cimma matsaya kan girman tazarorin ba. A aikace, rubutun kiɗan Larabawa ya ci gaba da amfani da alamun gida 24, makaɗa kuma suka ci gaba da bin kunnensu. Sautin da ake kira sika ya ɗan fi tashi a Halab da Istanbul fiye da Alƙahira, kuma ko a hannun makaɗi guda yakan gusa daga wani maƙami zuwa wani.

Masu sauraron manyan makaranta Alƙur'ani na Masar, irin su Abdulbasit Abdussamad da Mustafa Isma'il, sun saba jin irin waɗannan tazarori. Tilawa ba kiɗa ba ce, malamai kuma sun yi saɓani kan koyon maƙamai domin ta. Amma hawa da saukar muryar waɗannan makaranta na bin hanyoyin da ake kira bayati da rast da saba, kuma dukkan ukun na ɗauke da sautukan da babu su a maɓallan fiyano.

Zamanin na'ura

Abin da taron Alƙahira ya kasa zartarwa, masana'antu sun zartar da wani ɓangarensa. A shekarun 1950 Abdallah Shahin na Bairut ya ƙera fiyanon da ke iya fitar da sautukan tsakiya. Daga baya kamfanoni irin su Yamaha da Korg da Roland suka fito da fiyanon lantarki na musamman domin kasuwar Gabas ta Tsakiya, masu ɗauke da maɓallan da ke sauke sautin da aka zaɓa da sent 50. Tsarin Mishaƙa ya shiga gidajen biki ta wannan hanya.

A Turkiyya kuma masu ƙera kanun, wani kayan kiɗa mai tsirkiyoyi da yawa da ake ɗorawa a cinya, suna jera ƙananan ƙarafa a ƙarƙashin tsirkiyoyin. Makaɗi na ɗaga su ko ya kwantar da su da yatsa a tsakiyar kiɗa domin ya gusar da sauti da ɗan kaɗan.

Sauyi mafi girma ya zo ne ta kwamfuta. Ƙa'idar MIDI da aka fitar a 1983 domin na'urorin kiɗa su riƙa magana da juna an gina ta ne kan maɓallan fiyano. Manhajar Auto-Tune da ta fito a 1997 na jan muryar mawaƙi zuwa sautin da aka tsara mafi kusa. Ana iya sauya saitin duka biyun, amma idan aka bar su yadda suka zo, gida 12 na Turai suke bi.

Wannan ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Goge da kukuma da kuntigi ba su da zaren da ke ƙayyade wurin dannawa, don haka kunnen makaɗi ne ke yanke hukunci. Mai kalangu na matse tsarkiyoyin gangarsa a hammata, sautin ya zame daga ƙasa zuwa sama yana bin karin maganar Hausa, ba tare da tsayawa a wani gurbi da aka ƙayyade ba. Da irin waɗannan kaya ne Mamman Shata da Garba Supa da Ɗanmaraya Jos suka yi waƙoƙinsu.

Daga shekarun 1990, waƙoƙin finafinan Hausa da na siyasa da na bege da yawa sun koma kan fiyanon lantarki, daga baya kuma aka ƙara da gyaran murya ta kwamfuta. Duk sautin da ya faɗa tsakanin maɓallai biyu, na'ura za ta ɗauke shi a matsayin kuskure ta tura shi gurbi mafi kusa, sai fa idan mai haɗa kiɗan ya hana ta.

A ɗaya ɓangaren kuma, kwamfutar ta sauƙaƙa wa masu son ƙananan tazarori aikinsu. Harry Partch na Amurka, wanda ya raba ninki gida 43, sai da ya ƙera kayan kiɗansa da hannunsa kafin a ji abin da ya tsara. Yau mai haɗa kiɗa na iya ɗora tsanin Safiyuddin mai gida 17, ko na Turkawa mai gida 53, ko wanda ya auno daga tsohon faifan goge, a kan na'urarsa cikin 'yan mintoci.

Mai saita fiyano kuwa har yanzu aikinsa na nan yadda yake. Yakan ja tsirkiya har tazarar biyar ta yi tsit, rawar sautin ta ɗauke, alamar ta zauna daidai. Daga nan sai ya ɗan matse tazarar da kusan sent biyu, har ya ji rawar ta dawo a hankali, sannan ya wuce zuwa ta gaba.